Tabilet Mai Sarƙa

Maigidana kamfani ne guda, shi kaɗai. Shi ne shugaba, shi ne injiniya, shi ne masinja, ofishinsa kuwa teburin cin abincinmu ne, ɓangaren da ƙafarsa ba ta rawa. Shekara uku da suka wuce ya ƙirƙiro wata manhajar waya ta teloli, inda tela zai ajiye awon mutane da ranar karɓar ɗinki, ya huta da littafin nan da ba ya ɓata sai ranar da ake nemansa. Ɗan abin da telolin ke biya duk wata, da shi muke ci, da shi muke biyan haya. Injiniya nake ce masa, wani lokaci don girmamawa, wani lokaci don tsiya, kuma yana gane bambancin.

Wata Lahadi ya saki sanarwa: farashi zai ƙaru, amma daga ranar Asabar manhajar za ta yi aiki a tabilet, babbar wayar nan mai faɗin faranti da teloli ke son nuna wa mutane samfurin ɗinki a kai. Ai kuwa suka yi masa ca. Bakin tela ya fi almakashinsa kaifi. Wani ya rubuta cewa: "Ranar Asabar? Malam, mu ne sarakunan 'dawo gobe', in muka ga ɗan'uwanmu muna gane shi."

Wannan maganar ce ta soke shi. Kafin in sauke tukunya har ya mayar da martani a gaban mutum dubu biyu: in Asabar ta wuce ba ta yi aiki a tabilet ba, manhajar ta zama kyauta har abada. Da ya karanta mini, yana wani hura hanci, sai da na nemi kujera na zauna.

"Injiniya," na ce, "a kan wane tabilet za ka gwada?"

Ya sosa ƙeya. Ba mu da shi, ba mu taɓa yi ba. Akwai na kwaikwayo da ake buɗewa a cikin kwamfuta, amma tasa tsohuwa ce, da ya buɗe shi sai ta hau huci ta sandare.

Dabarar da ya ɓullo da ita ita ce wani shagon wayoyi a bakin babban titi, inda aka jera tabilet uku na nuni, kowanne ɗaure da 'yar gajeriyar sarƙa a jikin kanta. Ran Litinin ya je da hular sanyi, ya yi kamar mai saye, ya faki idon mai shago ya ɗora manhajarsa a kan na tsakiya, ya yi ta latse-latse yana rubuta kurakurai a tafin hannu. Ran Talata ya koma da tabarau da wata riga, wai don kada a gane shi, mutumin da tsayinsa sai ya sunkuya a ƙofa. Ran Laraba ya zo yana lallaɓa ni.

"Ke dai ki riƙe mini shi da ciniki. Ki taya abin da ba zai taɓa sayarwa ba."

Nan kam ya zo gidana. Ni da nake sa mai kayan miya ya yi rantsuwa sau uku kafin in buɗe jaka? Na tsaya gaban mai shago, wani dattijo mai sanƙo da murmushin da ban yarda da shi ba, na taya masa tabilet a rabin kuɗi. Ya yi dariya. Na kushe launin, na kushe nauyin, na ce ƙanwata ta sayi irinsa da araha a wani wuri, alhali ƙanwar tawa ko cajar kirki ba ta da ita. Ran Alhamis muka maimaita. Gaskiya na fara jin daɗin abin, har ina ƙara gishiri.

Ran Juma'a shagon cike yake. Injiniya na can yana latsawa, ni kuwa baki ya ɗebe ni. Na zuge jaka na ɗora a kan kanta, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Da za ka sallama a rabin nan, wallahi yanzu zan biya, ko zama ba zan yi ba."

"Na sallama, Hajiya."

Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi.

"Na nunin nan dai," ya ce, yana laluben mukulli. "Ai maigidanki ya kusa cinye fuskarsa da yatsa. Kwana biyar kenan, har da hular sanyi a wannan zafin. Wa zan sayar wa a matsayin sabo?"

Mutane suka juyo. Wata mata ta ce kai, baiwar Allah ta iya ciniki. Na dubi Injiniya, ya zama gunki. Rantsuwa na yi a gaban jama'a, kuma ban saba lashe amaina ba. Kuɗin firij ɗin da na yi wata tara ina tarawa, su na tura wa dattijon nan. Har ya ƙara mini da ƙyallen goge fuskar tabilet ɗin, wai kyauta.

Na rungumi tabilet ɗin muka kama hanya. Muna isa gida na kwantar da abin a kaikaice, na jingina shi da fulas ɗin shayi, na buɗe manhajar tasa. Ba don taimako ba, laifi nake nema. Na rubuta awon ƙarya, wuya kaza, hannu kaza, na duba inda zan latsa in ajiye.

"Ina maɓallin ajiyewar?"

"Yana ƙasa mana, a dama."

"Zo ka nuna mini."

Ya zo ya leƙa. Babu. Ya miƙar da tabilet ɗin tsaye, maɓalli ya fito. Ya kwantar, ya ɓace. Kwana biyar yana gwaji, bai taɓa juya shi ba, don sarƙar shagon ba ta kai a juya ba. Kuma duk telan da zai ajiye tabilet kusa da keken ɗinki, a kwance zai jingina shi, kamar yadda na yi. Injiniya ya sulale ya zauna a ƙasa, ya riƙe kai. Sai ya ba ni tausayi, haushin ya ragu amma bai tafi ba.

Gyaran ya ci masa yinin ranar da safiyar Asabar. Ni ke juya tabilet, tsaye, kwance, tsaye, shi yana gyarawa. Kafin azahar ya saki. Telan nan mai bakin tsiya ne ya fara rubutu: "To, an cika alkawari. Ka ba mu kunya."

Injiniya ya yi ajiyar zuciya, ya miƙo hannu zai ɗauki tabilet ɗin. Na dafe shi.

"A'a. Firij ɗina ne wannan. Ɗauko takarda da biro, ka rubuta cewa daga yau kamfanin nan na mutum biyu ne."

Ya dube ni, ya dubi hannuna a kan abin. Sannan ya tashi ya matsar da kwamfutarsa gefe, ya jawo mini kujera.