Katin Sisin Kwabo

Shekara ashirin da biyu ina raba wasiƙu a ƙauyen Stowmere, cikin ruwa da taɓo da ƙanƙara, amma abin da ya raba ni da jakata gardama ce a kan ko duniya ƙwallo ce ko faranti. Ni da ban taɓa wuce kasuwar Ely ba! Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wani attajiri, Enoch Pask, shi ya buga a jarida cewa duniya shimfiɗe take, duk wanda ya nuna masa lanƙwasarta ya ci fam ɗari uku. Safiyon garinmu mai awon gonaki, Josiah Thurlow, bawan Allah mai sanyin hali, ya amsa don rufin gidansa na yoyo. Suka kafa sanduna uku masu tsayi ɗaya a magudanar ruwanmu, wadda ta miƙe mil shida babu kwana. Da aka leƙa ta madubin hangen nesa, sandar tsakiya ta ɗara sauran tsayi, alamar duniya a lanƙwashe take. Alƙalin cacar ya miƙa wa Thurlow kuɗin. Pask ma ya leƙa, ya ce shi bai ga komai ba sai sata.

Daga nan wasiƙun zagi suka fara zuwa daga Pask, uku a mako, ni nake kai wa Thurlow su. Thurlow ya je wurin lauya, lauya ya ce zagi a rufaffen ambulan ba ɓata suna ba ne, tunda ido na uku bai gani ba. Ana haka gidan waya ya fito da kati mara ambulan, sisin kwabo maimakon kwabo. Pask, da duk dukiyarsa, ya ga araha ya koma kati.

Dokar aikinmu ta ce wanda ya karanta saƙon mutane a bakin aikinsa. To amma ta yaya za ka riƙe takarda a buɗe tafiyar mil huɗu idonka bai faɗa kanta ba? “Ɓarawo Thurlow, maƙaryaci, mai murɗa awo.” Na gaya wa matata Keziah kawai. Ita kuma ta gaya wa mai burodi kawai. Kafin girbi, babu manomin da ke kiran Thurlow awon gona.

Ran nan ya tare ni a kan gada, ya rame, hula a hannu.

“Amos, lauya ya ce in har mutum ɗaya ya rantse ya karanta katin, na ci shari'a. Ba zan tilasta maka ba.”

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da na koma gida Keziah ta ce, “Maigida, ka ce musu a kotu ba ka iya karatu ba mana.”

“Mai raba wasiƙu bai iya karatu ba? Da hanci nake gane adireshi? Ke da kika kai maganar gidan burodi!”

“Au, ni na ce ka leƙa?”

A kotu lauyan Pask ya tsaya kai da fata cewa babu wanda ya karanta, ai doka ta hana. Aka kira ni, na dafa Littafi Mai Tsarki.

“Ranka ya daɗe, na karanta. Duka arba'in da ɗaya.”

Pask ya zabura. “Ku tambaye shi! Duk yawon da yake yi, ya taɓa jin yana zamewa daga kan ƙwallo?”

Alƙali ya ba shi wata biyu a kurkuku. Ni kuwa kwana huɗu aka ba ni in mayar da jaka da hula. Sunan Thurlow ya wanku, ya aiko mini da buhun dankali. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba, na kuma ci dankalin.

Da bazara ina nome kabeji sai ga sabon mai raba wasiƙu, Silas Feary, da jakata a kafaɗarsa. Ya miƙo mini kati yana kallon sama. Rubutun Pask ne.

“Baba Amos, na rantse ban karanta ba,” in ji shi. Ya yi taku biyu ya waiwayo. “Amma da gaske Thurlow ya raba kuɗin da kai? Mai burodi ce ke tambaya.”