Giyar da Ta Yi Barci a Belleville

A gindin tukwanen burkutun mahaifiyarsa Ilya ya tashi, can Dogonduci. Shi ya sa da wani tsohon Bature mai ƙaramin gidan giya a Lyon ya ce ya dafo giyar sha'ir mai ƙarfi ya kawo, in ta yi zai ɗauke shi aiki, sai ya ji abin kamar a ce wa kifi ya yi iyo. Sharaɗin tsohon ɗaya ne: yis, ƙwayar da ke sa giya ta tashi, ya cinye zaƙin kaf, kada harshe ya ji ko ɗigo. A Lyon ɗin kuma budurwarsa Mariama take karatun jinya, ta riga ta faɗa masa ta gaji da soyayyar tarho.

Ilya yana zaune ne a unguwar Belleville ta birnin Paris, ɗakin yayansa Youssouf, ma'aikacin wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa, Ilyan ke masa girki da guga. Youssouf na shan jar giyar inabi da abokan ofis, amma in an tambaye shi sana'ar uwarsu sai ya ce hatsi take sayarwa. Ranar da ya tarar da tulun gilashi a kusurwar ɗaki, toshe hanci ya yi, ya ce ashe warin gidansu ma ya samu biza.

Da fari giyar ta yi ta ɓararraka, kumfa na hawa, Ilya na tsugune yana saurarenta kamar mai jin bugun zuciyar masoyiya. Kwatsam ta yi tsit. Ya ɗanɗana, zaƙi kamar zuma. Ya girgiza tulun don yis ya taso daga ƙasa, ya ƙara sabo, ya lulluɓe shi da bargonsa. Da safe in zai fita wanke-wanken gidan abinci, takan ɗan motsa. In ya dawo ya tarar da yayansa yana kallon talabijin, ita kuwa ta mutu murus.

A gida, in tukunya ta ƙi tashi, baki ne ya kama ta. Ba wanda ya taɓa zargin sanyi a Dogonduci. Don haka ya ajiye gawayi da barkono a gindin tulun yadda tsohuwarsu take yi, ya daina faɗa wa kowa zancen Lyon. Youssouf ya ga gawayin, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ba shi shawarar ya yanka mata jan zakara.

Ranar alkawari ta zo, giya ba ta gama ba. Ya ɗura ta a kwalabe haka nan, ya hau jirgin ƙasa yana roƙon ko harshensa ne ke masa ƙarya. Mariama ta tare shi a tasha da sabon kitso, ta raka shi.

Tsohon ya kurɓa, ya juya ta a baki, ya tofar a bokiti. Ya ce wannan sai dai a zuba wa yara a kan fanke. Ya ce yis ɗin lafiyarsa lau, barci sanyi ya sa shi, ya tambaya ko a waje ake kwanar da tulun. Bai jira amsa ba ya koma wankin gangunansa.

Daga rumfar tarho ta bakin titi Ilya ya kira Paris.

"Yaya, kai kake fitar da ita baranda in na tafi aiki?"

"Kullum," in ji Youssouf. "Ga ta da nauyin tsiya, har yanzu bayana ciwo yake. Ka gode mini, ƙane, na raba ka da gadon tsohuwa. In za ka dawo, ka biya kasuwar Château Rouge ka sayo kuɓewa."

Da ya fito, Mariama tana duba agogo. Ta ce an sa ta aikin yamma a asibiti. Ta ba shi kunci ya sumbata, ta miƙa masa jakar sauran kwalaben da ta riƙe masa, ta tsallaka titi. Ba ta tambaye shi yaushe zai sake zuwa ba.