Alwalar Mas'uda

Ranar da Mas'uda ta yi arba'in, Goggo Zuliha, ƙanwar mahaifinta da ta riƙe ta a Azare, ta kife garwar wankan jego ta ce an gama, saura shirin komawa Katagum ɗakin miji. Ita kuwa Mas'uda a ranar damuwarta ta soma. Ta yi wanka ta tsaya sallar azahar, tana sunkuyawa ruku'u sai ta ji ɗigon fitsari ya kuɓuce mata. Ta yanke sallar, ta sake zani, ta sake alwala. Da la'asar ma haka. Tari, atishawa, ɗaga jaririnta Naziru daga tabarma, kowanne sai ya jiƙa ta.

Tun tana ƙarama a rugarsu ta wajen Sakwa ta san wata mata mai yoyon fitsari, wadda ba ta zama cikin mata ko a gidan biki. Mas'uda ta tabbatar wa kanta abin da ya same ta ke nan. Ta rage shan ruwa. Ta daina dariya. Ko da wuƙa aka sa mata a wuya kuwa, ba za ta iya buɗe baki ta faɗa wa Goggo ba.

Kwana biyu bayan haka ta kai Naziru allurar rigakafi a ƙaramin asibitin unguwa. Mai yin allurar wata dattijuwar Babarbariya ce, Ya Gana, wadda bakinta ba ya hutawa. Mata suka watse, Mas'uda na gefen benci tana ta kwance goyo tana sake ɗaurawa.

"Ke 'yar Fillo," in ji Ya Gana, "goyon nan sau huɗu ke nan. Ko saniyarki ce ta ɓace a ƙarƙashin bencina?"

Mas'uda ta sunkuyar da kai. "Ba komai, Hajiya."

"Ba komai, amma ɗazu da kika yi atishawa kika matse ƙafa kamar mai hana kaza gudu. Shigo, ja labulen."

A ciki ma sai da Ya Gana ta yi tambayar, Mas'uda tana amsawa da ka.

"Kullum yake zuba, ko kina kwance?"

Ta girgiza kai.

"Sai kin yi tari ko kin ɗauki abu?"

Ta ɗaga kai.

"To wannan ba yoyo ba ne. Kwanta in gani."

Ta duba ta sosai. Sannan ta ce ta lanƙwashe gwiwa ta ɗan ɗago kai, ta sa yatsu a saman cibiyarta. Yatsu uku suka nutse cikin wani rami mai laushi. Ta kamo hannun Mas'uda ta ɗora mata a wurin.

"Kin ji? Naman cikin ne ya buɗe wa wannan ƙaton hanya, bai gama komawa ba. Can ƙarƙashi akwai wani nama da ya zagaye ki kamar ɗamara, da wani a ƙasa mai riƙe mafitsara. Wata tara suna dako, sun gaji. Tashinsu za ki yi."

"Goggo tana ɗaure min cikin da zani," Mas'uda ta faɗa a hankali.

"Zanin Goggo in an kwance ya tafi. Wannan da shi za ki tsufa. Ja numfashi, bari cikin ya taso. Yauwa. Yanzu sake shi sannu-sannu, kamar kina hura wa yaro kunu, ki ja mararki ciki, ki tsuke ƙasa kamar an yi baƙi kina riƙe tusa."

Mas'uda ta rufe fuska da mayafi.

"Rufe fuskar, ba ita nake so ba. Kada ki riƙe numfashi. Sake."

A karo na biyar ta ji wani abu ya motsa can ƙasan cibiya, kaɗan, kamar ba nata ba. Ya Gana ta ce shi ne. Sau goma bayan kowace salla. In za ta tashi daga kwance ta fara juyawa gefe. Kafin tari ko ɗaukar yaro ta tsuke tukuna. Daka da tulun ruwa kuma su jira.

"In wata biyu ya wuce babu sauyi, ki dawo in haɗa ki da likita. Ki sha ruwa kuma. Bafillatana da nono ya ƙafe, ai abin kunya ne."

A gida, Goggo ta leƙo ɗaki bayan la'asar ta same ta kwance a kan darduma tana hura iska sama.

"Wa kike wa tofi, 'yar nan?"

Mas'uda ta rasa mafita, sai ta faɗi komai tana kallon bango. Goggo ta saurara daga bakin ƙofa. Can ta shigo ta zauna da ƙyar.

"Haihuwa bakwai na yi, ba wanda ya taɓa ce min yana da magani. Matsa min. Yaya ta ce a yi?"

A Katagum abin bai zo da sauri ba. Mako biyu babu wani bambanci, har ta yi kuka ran wata Juma'a. Mijinta Sha'aban bai tambayi dalili ba da ta ce ba za ta ɗauki tulu ba tukuna, shi ya riƙa cika mata randa kafin ya fita gona. A mako na huɗu ta kai ƙarshen sallar magariba ba ta yanke ba. Daga nan sai ranaku suka riƙa zuwa da sauƙi, wata rana a samu, wata rana a ɗan rasa.

Da lokacin allura ta uku ya yi, ta ce ita Azare za ta kai Naziru, ko da yake akwai asibiti kusa. Ta cika ƙaramar ƙwarya da man shanun da aka aiko mata daga ruga. A mota ta yi ta shirya kalmomin godiya, da ta zo gaban Ya Gana duk suka gudu. Ta ajiye ƙwaryar a kan tebur kawai.

Ya Gana ta buɗe faifan ta shinshina. "Ikon Allah. Bafillatana ta ba da mai ba a roƙa ba. Ku duba min waje, ko rana ta fito daga yamma."

Matan da ke benci suka fashe da dariya. Mas'uda ma ta yi, sosai, har Naziru ya farka a bayanta. Ya Gana ba fuskarta take kallo ba, ƙafafunta take kallo.

"To?" ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Hajiya, da alwalar asuba na fito," in ji Mas'uda. "Har yanzu tana nan. Allah ya jiƙan mahaifanki."

"Amin. Miƙo min cinyar ƙaton nan."