Taken Maccido a Zauren su Zaituna

"Yaushe kunka shirya da Maccido?"

"Wane Maccido?"

Habibullahi ya dubi abokinsa, ya dubi rikodar da ke kan tabarma, sai ya tuntsire da dariya har hularsa ta zame. Ya ce bai taɓa sanin Waliyyu ya iya wasa haka ba, mutum ya yi ɓarna kuma ya tsare gida kamar liman. Waliyyu ya rantse shi Maccido ɗaya ya sani a duniya, wani mai faci a tashar Jega. Wannan ma ya ƙara wa Habibullahi dariya. Kafin su fahimci juna aka ƙwala masa kira daga bakin titi, motar albasa ta iso ana jiransa wajen lodi. Ya fita yana girgiza kai, ya bar Waliyyu a zaure shi da rikodarsa, da kofin ruwan da Zaituna ta kawo ta tafi ba ta ɗauka ba.

Waliyyu ɗan Jega ne, a hannun kawunsa Tamu ya tashi. Yana shekarar ƙarshe a wata kwaleji can kudu inda yake karanta ilimin kiɗa, abin da Kawu Tamu ke fassara wa abokan kasuwarsa da cewa yaron malanta yake koyo. Ba a ba ɗalibi takardar gamawa a sashensu sai ya hau dandamali gaban malamai da jama'a ya kaɗa abin da shi da kansa ya tsara. Waliyyu ya tsara biyu. Na farko da gurmi ne zalla, a hankali, kamar mai lallashi. Na biyu shi ne abin alfaharinsa. A damunar da ta wuce, shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato, ya bi wani ɗan ajinsu gayyar noma a Gumbin Kure ta ƙasar Maiyama, ya tsaya daga gindin wata bishiya ya ɗauki gangar noma a kaset. A cikin duk abin da makaɗan suka buga ranar, wani ɗan gajeren bugu ne ya shiga ransa, mai tashi kamar tambaya ya sauko kamar amsa. Ya yanke wurin, ya yi ta maimaita shi, ya ɗora masa muryoyin piyano mai aiki da lantarki, sarewa a sama, wani kauri a ƙasa kamar hadari na haɗuwa daga gabas. Malaminsa, wanda ba ya jin Hausa, ya saurara ido rufe ya ce bai taɓa samun ɗalibi irinsa ba.

Duka biyun suna ɗaya ya ba su: Zaituna.

Zaituna ƙanwar Habibullahi ce. Tun suna makarantar kwana Waliyyu ke zuwa Aliero hutu, kuma tun wata rana da ta miƙo masa ruwa ta ce ya sha a hankali randar ba gudu za ta yi ba, zuciyarsa ba ta sake zama tasa ba. Bai taɓa gaya mata ba. Ya karanta littattafai da yawa inda samari ke zuba kalamai kamar ruwan Agusta, amma shi da zarar ta ɗago ido sai harshensa ya zama dutse. Don haka ya bar wa kiɗa maganar. Ya zo hutun nan da kaset a aljihun gaba, daidai saitin zuciya, ya roƙi Habibullahi ya kira ta ta saurara.

Da gurmin ya fara, ta zauna bakin ƙofar zaure tana wasa da gefen mayafinta, tana murmushin da take ɓoyewa. Waliyyu ya ji kamar ya gama makaranta a nan take. Sai na biyu ya shigo, gangar ta yi tambayarta ta ba kanta amsa. Murmushin ya tsaya. Daga cikin gida aka ji lugude ya katse, wata ta rangaɗa guɗa, mata suka kwashe da dariya, muryar wata tsohuwa ta taso tana tambaya wa ya kawo masu Maccido da rana tsaka. Zaituna ta miƙe. Ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Ashe aike kaz zo." Ta shige.

A motar komawa Jega ya juya maganar ta kowace fuska bai ga kanta ba. Ya ce ko batir ne ya yi sanyi kiɗan ya fita a karkace. Ya ce ko gidan malamai ne ba su son ganga a zaure, amma ai guɗa aka yi, ba tsawa ba. Ya ce ko Maccido wani mahaukaci ne a Aliero da ake tsokanar baƙi da shi. Kowace amsa ya kama sai ta kuɓuce. Warin albasa ya cika motar, ya samu abin da zai ɗora wa laifin ruwan da ke idonsa. Aike? Wa ya aike shi, in ba zuciyarsa ba?

Ranar kasuwar Jega ya tafi rumfar wani mai sayar da kaset don a kwafa masa na ajiya, saboda in wannan ɗaya ya tsinke, karatunsa ya tsinke. Mai rumfar ya ce bari ya gwada a babbar lasifika a ji ko ya fita. Gurmin ya wuce ba wanda ya waiwayo. Da gangar ta shigo, sai wasu masu sauke buhunan gero a gefe suka tsaya cak. Ɗaya ya ɗaga hannu sama ya yi kururuwa, sauran suka amsa, kuma abin da suke faɗi yana hawa kan bugun daidai, kamar takalmi da ƙafar mai shi:

"Maccido, cinye kunya! Rana ta gaji, kai ba ka gaji ba!"

Waliyyu ya san abin da ake kira take, ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ya san makaɗan noma na yi wa kowane gwarzon manomi nasa kirarin da ganga, wanda in aka buga shi kaɗai ake kira. Har ya taɓa rubuta haka a jarrabawa ya ci. Amma ranar gayya daga nesa ya tsaya, kunnensa na ƙirga bugu yana neman inda zai zauna a kan layukan takarda, bai ji cewa gangar magana take yi ba. Yanzu da aka sa mata kalmomi, ya kasa gane yadda aka yi bai ji su ba tun farko.

Wani ƙato ya ratso taron, dogo, baƙi, kafaɗunsa kamar ƙofar gari, tsikar jikinsa a tashe. Ya tsaya gaban lasifikar yana huci kamar wanda aka tasa daga barci, yana neman inda makaɗin yake. Da aka nuna masa Waliyyu, sai ya kama hannunsa da hannu biyu ya ƙi saki.

"Kai na Waliyyu? Allah shi biya ka. Ka yi mani abin da ɗan'uwa bai yi ba."

Waliyyu ya sunkuyar da kai. Maccido bai lura ba, murna ta cika shi. Ya ce labari ya riga ya kai Gumbin Kure cewa wani ɗan boko ya sa takensa cikin na'urar Turawa ya kai har zauren su Zaituna. Ya ce gwaggonsa ke aure a gidan, ya daɗe yana kai gaisuwa, yarinyar ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, har ya fara tunanin akwai wani a ranta. To ga shi Allah ya kawo masa mai taimako daga inda bai zata ba. Ya tambaya mene ne wannan abu mai kuka a sama kamar sarewa, Waliyyu ya ce piyano ne. Maccido ya ce ko ma mene ne, ya iya ladabi, bai taka wa ganga baki ba. Sa'annan ya sanar da shi cewa magabatansa za su je Aliero bayan Juma'a, kuma in Allah ya sa an dace, ba makaɗin da zai riga Waliyyu zama a bikin.

Abin da ya fi damun Waliyyu shi ne ya kasa jin haushin mutumin. Ya nemi ƙiyayya a ransa ya rasa. Har ya ji kansa yana cewa amin.

Bai bar kasuwar ba sai da ya ci karo da Habibullahi a layin 'yan albasa. Wannan karon ba dariya. Habibullahi ya ja shi gefe ya tambaye shi tsakani da Allah ko da gaske bai sani ba. Waliyyu ya ce bai sani ba. Habibullahi ya ce to ya kwana da sanin cewa tun ranar Zaituna ba ta da walwala, kuma da innarsu ta taɓa ta da maganar Maccido, cewa Zaituna ta yi tunda wanda take jira ya yi magana shi ne ya kawo mata taken wani, ai ya zaɓa mata, ta karɓa.

"Wanda take jira?" in ji Waliyyu.

"Kai dai Allah shi sawwaƙe maka. Kana jin kukan sauro cikin kaset, ba ka jin mutum gabanka."

Ya iso gida bayan la'asar bai san ta wace hanya ya biyo ba. Murna na jansa nan, tsoro na jansa can. Tana jiransa, kuma ta karɓi wani, duk a numfashi ɗaya. Ya shiga ɗaki ya kunna kaset ɗin a hankali ko zai sake jin abin da ya tsara, hadarin nan da sarewar da ya kwana biyu yana gyara wa murya don ta yi kama da dariyarta. Ina. Maccido, cinye kunya. Ko ya toshe kunne kalmomin na nan. Ya ɗora yatsa kan maɓallin gogewa. In ya goge gangar, sauran duk rushewa za su yi, don a kanta ya gina komai, kuma ba sauran lokacin gina wani. In ya bar ta, zai hau dandamali ya yi wa abokin takararsa kirari da sunan Zaituna a sama. Ya ɗauke yatsan. Ya mayar. Ya sake ɗaukewa.

A tsakar gida Inna Gudiya, matar kawunsa, tana tankaɗe, Kawu Tamu na zaune kan buzu yana jan carbi. Labarin kasuwa ya riga Waliyyu isowa, don haka da ya fito ya tsuguna Inna ba ta jira ya fara ba. Ta ce ta ji ɗanta ya zama maroƙin mutanen Maiyama, ko an ba shi kyautar akuya? Ya sunkuyar da kai ya ba su labarin tun daga gayya, yana tsallake sunan yarinyar, yana cewa wata. Inna ta ce wace wata, Zaitunar da ko sunanta aka ambata sai ya ƙware da ruwa? Ta ajiye rariya ta yi dariya mai isarta.

"Shi yana cinye kunya ga gona, kai kunya na cinye ka ga zaure. To wa za a ba ɗiya?"

Kawu Tamu bai yi dariya ba. Ya ce shi bai san kan kiɗa ba, kuma bai taɓa ɓoye cewa bai so karatun nan ba. Amma a saninsa ba a neman aure da kaset, ba a kuma hana wani nema da shiru. Mutanen Gumbin Kure mutanen kirki ne, in suka riga kai gaisuwa aka amsa masu, shi ba zai je ya ɓata ba, ko Waliyyu zai mutu. Ya tambaye shi abin da yake so, ya faɗa da baki, don shi ba ya jin yaren ganga.

Waliyyu ya ji harshen nan nasa ya fara nauyi kamar kullum. Ya tuna hannun Maccido a kan nasa, da amin ɗin da ya ce. Ya tuna malaminsa da ido rufe. Har yanzu bai san ko ya ci amanar wani ba, ko shi aka ci, ko ba wanda ya ci kowa. Ya ɗago kai, muryarsa ta fita har Inna ta juyo.

"Kawu, ka tai Aliero gobe, kahin Juma'a, ka hwaɗa masu ni ka son Zaituna, ba aike niz zo ba. Ni kuma in tai Gumbin Kure in gaya ma Maccido da bakina. Kiɗin ba ni goge shi, nashi na, da sunanshi za ni kaɗa shi."