Faifai na Bakwai

Littattafai bakwai Baba ya rubuta a kwamfuta bayan ya bar koyarwa, ba a buga ko ɗaya a takarda ba. Ya zuba su a faifai bakwai, ya damƙa wa babban ɗansa, wanda kowa a gidan ke kira Yaya.

Auta ce mai naci. Duk bayan shekara biyu sai ta juya littattafan zuwa sabon tsarin da na'urorin lokacin ke buɗewa, ta bi su shafi-shafi ta tabbatar ba abin da ya zube. Yaya ya ara mata faifai shida tun farko, yana ce mata aikin baban giwa take yi. Na bakwai kuwa, wanda Baba ya rubuta a kan mahaifiyarsu bayan rasuwarta, ya hana. Kullum amsarsa ɗaya: zai duba. Gaskiyar magana, ya gaji da jin ana sa wa Auta albarka. Shi ma yana son abin da sai a hannunsa za a samu.

Shekara goma sha shida faifan na kwance cikin akwatin ƙarfe, a naɗe da ƙyalle.

Da idon Baba ya yi rauni, Auta ta kawo masa waya mai karanta rubutu da murya. Yaya na zaune a falo yana jin wayar na zuba littafi na uku, Baba na gyaɗa kai, hannunsa a kafaɗar Auta. Ya ce a ransa yau za a san babba babba ne, ya ɗauko faifan ya nufi shagon mai gyaran kwamfuta.

Mai gyara ya jawo wata tsohuwar na'ura daga ƙarƙashin tebur, ya saka faifan. Sunan littafin ya fito raɗau. Da ya danna, sai tarkacen alamomi suka cika allon.

"Manhajar da aka rubuta shi da ita ta daɗe da mutuwa," in ji mai gyara. "Wannan ma da sauƙi. Faifan ne ya lalace ta ciki, ko rabi ba zai fito ba. Ba ku da wani kwafi?"

Yaya ya karɓi faifan, ya naɗe shi a ƙyallen, ya koma gida.

Ya tarar da su yadda ya bar su. Baba ya ji takunsa, ya ɗago kai.

"Yauwa, ga yayanki nan. An ce na mahaifiyarku na wurinka. Ba ta shi, ta sa mini a wayar. Na fara mance yadda take magana, kuma duk a ciki na rubuta."

Auta ta miƙo hannu tana murmushi, ba ta san komai ba. Yaya ya warware ƙyallen, ya ɗora mata faifan a tafin hannu. Ko ƙwarzane babu a jikinsa.