Takalma Ashirin a Bakin Ƙofa

Kwana tara Hedimasta ya ba Saude, bai ƙara mata ko wuni ɗaya ba. Ya ce ranar Alhamis ta sama za a gwada 'yan aji ɗaya, duk wanda ya ƙirga bibbiyu har ashirin ya wuce aji biyu. 'Yarta Zaliha kuwa ta riga ta maimaita ajin, shi kuma ba ya barin yaro ya shekara uku a benci ɗaya. In ta faɗi, sai dai a ɗauke ta.

Da ta gaya wa maigidanta Uba, bai yi faɗa ba. Ai da ma faɗan ya yi, da ta san ta inda za ta ɓullo masa. Sai ya ci gaba da kankare laka daga ƙafarsa, can ya ce, "In sun koro ta, shi ke nan. Ta riƙa kai mani tuwo daba, ta hi zaman banza."

Daba! Can bayan garin Bagega inda injuna ke niƙa dutsen zinari, ƙura na tashi kamar ana shiƙar gero. Saude ta san ƙurar nan fiye da yadda ta san tafin hannunta. Shekara uku da suka wuce a tsakar gidan nan ake dakan dutsen, a turmin da take surfe, babu wanda ya san akwai gubar dalma a ciki. Ɗanta Khalifa, mai shekara biyu, ya kwana biyu yana jijjiga, ya tafi. Zaliha ta tashi bayan ta sha magani wata da watanni, amma ba Zalihar da ba ce. Yarinyar da a da bakinta ba ya mutuwa, yanzu sai ka kira ta sau uku kafin ta waiwayo. Likitoci sun kankare ƙasar gidan an zuba sabuwa, sun kuma ja kunnen Saude: kada yarinyar nan ta sake shaƙar ƙurar, in ta sake, ba su da abin yi. Makaranta ce kaɗai ta tsaya tsakaninta da daba.

Washegari Saude ta tare malamar ajin a ƙofar makaranta. Malama Lois 'yar Zuru ce, mace mai faɗa da tausayi a haɗe, yara tamanin gare ta da littafin hotuna guda ɗaya tal. Hadari ya taso, an fara yayyafi. Ta cusa littafin a leda ta miƙa mata.

"Maman Zaliha, ba ni da lokacin zama da ita ita kaɗai, wallahi ba ni da shi. Hoton takalma ne. Kowane shafi ki ƙirga su, ki faɗa mata, ki juya. Kada ruwa ya taɓa mini shi!"

Saude ba ta yi boko ba, amma kada wani ya ce ba ta san littafi ba. Ta yi allo har izu biyar. Saboda haka da ta isa gida ta wanke hannu, ta shimfiɗa tabarma, ta yi bismillah, ta buɗe littafin daga dama, yadda duk littafin da ta taɓa gani ake buɗe shi.

Ƙofar ɗaki ce a hoton, ga takalman yara jere a bakinta, ja da shuɗi da rawaya. Ta bi su da yatsa: ashirin. Ta juya. Ƙofar nan dai, amma babu shuɗayen da ke gefe. Sha takwas. Ta sake juyawa, sha shida. Takalman na ta raguwa, yadda yaran unguwa suka ragu a shekarar dalma. Ta ce a ranta, ashe 'yan boko ma sun ji abin da ya same mu.

Kwana uku tana fama. Ta faɗa, Zaliha ta maimaita, a juya shafi, a koma, babu komai a kan yarinyar. Tuwo ya kama a tukunya sau biyu. Rana ta uku ran Saude ya ɓaci, ta kama kafaɗun 'yarta ta girgiza ta tana cewa, "Ashirin! Ashirin! Mi ad da wuya ga ashirin?" Yarinyar ta zuba mata ido, ko kuka ba ta yi ba. Saude ce ta yi kukan, ta shiga bayan rumbu ta yi mai isarta, tana jin tsoron da ba ta ji ba tun ranar da aka ɗauki Khalifa.

Rana ta huɗu, suna juya shafi na farko, sai Zaliha ta ɗora yatsa a gurbin da shuɗayen takalma suka bari.

"Inna, na wa suka tahi?"

Rabon da yarinyar nan ta yi tambaya da kanta, Saude ta manta. Bakinta ya riga tunaninta: "Na Yusufu."

Yusufu ɗan maƙwabta ne, shi aka fara binnewa a unguwar. Zaliha ta gyaɗa kai. "Yusufu ya tahi."

"Saura sha takwas," in ji Saude.

"Sha takwas."

Ba ta so ba, Allah ya sani ba ta so ba. Amma ta ga lambar ta zauna, don haka ta juya shafi ta ce Maimunatu. Ta juya ta ce Hafsa. Sunaye tara take bukata, unguwar kuwa ba ta bar ta ta yi dogon nema ba. Da suka kai shafin da takalma huɗu suka rage, da 'yan jajaye ƙanana a ciki, Saude ta kasa juya shi. Zaliha ce ta juya da kanta ta ce, "Khalifa ya tahi. Biyu. Nawa." Haka suka yi ta yi safe da maraice, har ba sai an buɗe littafin ba.

Ranar Alhamis Saude ta tsaya a bakin tagar aji da littafin a ƙarƙashin hijabi. Yara suna tashi ɗaya bayan ɗaya suna rero biyu, huɗu, shida kamar waƙa. Wannan ba irin karatunta da Zaliha ba ne.

Aka kira Zaliha. Ta miƙe, hannu a baki.

"To, bismillah," in ji Hedimasta. Da ya ji shiru sai ya taimaka mata. "Biyu…"

Ina! A wurin Zaliha biyu ƙarshen magana ne, babu abin da ke bayansa. Ta tsaya tana kallonsa. Yara suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Malama Lois ta sunkuyar da kai. Hedimasta ya cire murfin biro, Saude kuwa ta hango 'yarta da kwanon tuwo a ka tana shiga cikin ƙura. Ba ta san lokacin da ta zura kai ta taga ba.

"Ashirin!" ta ƙwala. "Zaliha, ashirin!"

Yarinyar ta sauke hannu daga baki.

"Ashirin. Yusufu ya tahi, sha takwas. Maimunatu ta tahi, sha shidda. Hafsa ta tahi, sha huɗu."

Dariya ta ɗauke. Yaran ajin sun san sunayen nan, ƙannensu ne da yayyensu. Wata yarinya a benci na gaba ta kifa kai a cinya. Zaliha ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba har ta sauka kan biyu, ta ce, "Nawa."

Hedimasta ya daɗe da biro a sama. Sannan ya ce, "'Yan aji uku ma ba su iya yi mini ita da baya ba." Ya rubuta sunanta a cikin masu wucewa.

Da aka tashi, Malama Lois ta fito ta sami Saude zaune a gindin tagar.

"Maman Zaliha, nuna mini yadda kike buɗe shi."

Saude ta buɗe daga dama. Malama Lois ta rufe baki da hannu, idonta ya ciko.

"Laifina ne, ban nuna miki ba. Ta nan ake farawa. Ba tafiya suke yi ba, zuwa suke yi. Wasa suka zo."

Ta juya littafin ta buɗe daga hagu. Ƙofa, da takalma biyu. Zaliha ta matso ta raɓa jikin uwarta. Malama ta ɗaga shafi, sai ga 'yan jajayen ƙanana a gefen nata. Yarinyar ta ɗora yatsa a kansu ta daɗe, sannan ta ɗago.

"Huɗu," ta ce. "Inna, Khalifa ya komo."

Ta kai hannu da sauri ta juya shafi na gaba.