Ƙofar Ɗakin Kaka Kaltuma

Ranar nan Balki ta koya wa ɗalibanta na kwaleji wata kalmar Ingilishi, erode. Ta rubuta ta a allo, ta ce ana faɗinta idan abu yana cinyewa kaɗan-kaɗan, har ba mai iya nuna ranar da ɓarnar ta soma, kamar yadda ruwa ke yi wa gindin bango, ko ƙarya ke yi wa amana. Yara suka kwafa suka watse. Ita kuwa misalin farko ya bi ta har gida.

Gidansu na ƙasa ne, a wata tsohuwar unguwa ta Damagaram, bayansa tabki. Tana yarinya, amalanken jaki yakan wuce tsakanin bangon da ruwan. Yanzu akuya ma sai ta raɓe. Kuma ɗakin da ya ba tabkin baya shi ne na Kaka Kaltuma, kakarta, wadda idanunta suka dushe.

Ta tarar da baffanta Kolo, maigidan, tsaye kan Tahiru magini. Ruwan shekaranjiya ya zubar da yaɓen bangon, Tahiru yana haƙo ƙasar gyara da diga. A gindin bangon yake haƙa, nan bakin tabkin.

"Baffa, don Allah ku duba abin da kuke yi! Kuna ɗebe abin da bangon ke tsaye a kai kuna shafa masa a fuska."

"To, Madam ta taso daga lakwal," in ji Baffa Kolo yana dariya, makaranta yake nufi. "Ƙasar nan ta fi kowace danƙo. Daga nan ubana ya ɗiba, daga nan kakana ya ɗiba."

"Shi ya sa ta ƙare ai. Ƙofar Kaka fa? Bara ta cije kun sassaƙe mata gindi, bana ta sake cijewa kun ƙara sassaƙewa. Ba wanda ya tambayi me ya sa. Ɗakin ne yake karkata, Baffa."

"Katako ne ke kumbura da damina. Allah ne ke tsare gida, Balki."

Kafin ta amsa iska ta kaɗa. Gabas ta yi baƙi ƙirin, alhali ko la'asar ba a kira ba. Balki ta bar su ta ruga ciki.

Tsohuwar tana zaune bakin gado tana jan carbi.

"Kaka, tashi mu koma ɗakina."

"Ƙawata, me zan ci a ɗakinki, takardu? Kakanku ya gina min wannan da hannunsa. Nan zan kwana."

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Iska ta bugo ƙofar ta rufe. Balki ta ja, ba ta motsa ba. Ta tokare bango da ƙafa ta ja da hannu biyu, ƙofar tana nan daram. Sai ta ji wani abu yana zuba a wuyanta. Ƙasa ce, busasshiya, tana tsiyaya daga tsakanin azara. Ta juya. A bangon baya, inda ɗazu duhu ne, wani siririn haske ya ratso daga sama zuwa ƙasa, kuma tana kallo yana faɗi.

"Ƙawata, wa ya buɗe taga? Ina jin sanyi."

Ɗakin ba shi da taga.

"Baffa! Baffa Kolo! Ƙofa!"

Ruwa ya danne muryarta. Ta ɗauki kujerar tsakar ɗaki tana dukan katakon, tana ihu har maƙogwaronta ya bushe. Gado ya ɗan zame da kansa wajen bangon. Kaka ta daina carbi.

"Balki, ƙasa tana tafiya."

"Riƙe ni, Kaka. Kada ki sake ni."

Sai bakin diga ya huda ƙofar daga waje. Baffa Kolo ne, ba hula, yana sara yana salati. Tahiru ya fizge katakon da ya tsage. Balki ta goya tsohuwar, ta sunkuya ta fita cikin ruwan, Baffa yana jan rigarta.

Bangon bai yi wata ƙara ba. Zaunawa ya yi cikin tabkin, rufin ya bi shi, gadon ya bi rufin.

Suka tsaya a zaure, Kaka tana karkarwa a bayan Balki tana tambaya me ya faɗi. Baffa Kolo ya zauna a ƙasa. Ɗakin da ke jikin wanda ya rushe nasa ne, yaransa suna leƙe daga ƙofarsa.

Da ruwan ya tsagaita, Tahiru ya share fuska ya ce, "Alhamdu lillahi. Sai dai sake ginin nan zai ci ƙasa da yawa, Alhaji."

Shi da Baffa Kolo suka juya, kamar an haɗa baki, suka dubi bakin tabkin.

Balki ta sauke Kaka a tabarma. Ta ɗauki digar daga inda aka yar da ita, ta shige da ita ɗakinta, ta fito ta murza makulli.

"Baffa," ta ce, "fito da yaran nan tukuna."

Wannan karon bai kira ta Madam ba. Ya tashi.